Faifan Ƙwallon Nan Nawa Ne, Ku Tambayi Gyaɗi-Gyaɗi

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera na'urar gem ta tafi-da-gidanka, ta hannun wakilansa na nan ƙasar, ko duk wani ma'aikaci mai jini a jika da wannan wasiƙa ta faɗa hannunsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata manya da ƙanana. Ya aiki, ya jama'a? Allah ya taimaka. Da gangan na ƙi ambaton sunan kamfaninku, don ni ba tonon asiri ya kawo ni ba, kuma kun san kanku. Na zaɓi in rubuto a bainar jama'a ne saboda duk ƙofar da na ƙwanƙwasa muku a asirce, inji ne ya amsa mini sallama.

Sunana Malam Ɗanjuma, tsohon direban motar asibiti, na yi ritaya, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano. Ƙorafina gajere ne, labarinsa ne mai tsawo. Ina da faifan gem na ƙwallon ƙafa, naku, na asali, wanda na saya da gumina. Kun yi shela cewa duk mai faifai irin na da, in ya sayi sabuwar na'urarku ta hannu, zai iya tabbatar muku faifan nasa ne, ku kuma ku buɗe masa gem ɗin a cikinta. Na sayi na'urar. Na zo tabbatarwa, kun ce ba ku gamsu ba. Abokin karawata kuwa, Alhaji Sule Tela, yana kwance a Tarauni ba lafiya, kuma ƙarshen watan nan 'yarsa za ta tafi da shi Zariya ya zauna a wurinta. Wasa ɗaya nake so mu buga kafin a sa shi a mota. Ga maganar ke nan a dunƙule. Yanzu ka gyara zama in warware maka ita, don mu a gaban tsofaffin da ba sa fara labari daga tsakiya muka tashi.

Ni da Alhaji Sule 'yan dara ne tun gashinmu yana baƙi. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, ka ga ke nan ko gaisawa muka yi sai an samu wanda ya ci wani. Muna da gindin wata darbejiya a bakin layi inda muka haƙa gurabenmu, har ranar da aka sare ta aka jera shaguna a wurin. Muka koma zaman benci muna kallon motoci kamar masu jiran gawa. Ana cikin haka babban ɗana ya samu aiki a Legas, ya bar mini injin gem ɗinsa na talabijin da faifan tseren mota, wai in riƙa rage kaɗaici. Na ce masa ni da na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa motar gaske da jiniya, ba zan zauna a kan tabarma ina tuƙa ta ƙarya ba. Amma wata rana na ga ana buga na ƙwallo a wani shago, na tsaya in ɗan leƙa, sai da la'asar ta kusa kuɓuce mini. Na sayi faifan, na aika aka kira Sule. Ranar farko mun cinye rabin wasa kowa yana zaton shi ne masu jar riga, masu farar riga suna tsaye a fili ba mai kula su.

Daga nan abin ya kama mu. Duk ranar Alhamis bayan la'asar Sule zai hawo adaidaita sahu daga Tarauni, ya shigo falona ba sallamar kirki, ya naɗe hannun riga. Shi wasansa irin na teloli ne, ɗan fasin nan, ɗan fasin can, kamar mai ɗinkin wuyan riga, sai ya gajiyar da kai sannan ya zura. Ni kuwa in na samu ƙwallo miƙewa nake yi ɗoɗar, kowa ya kauce. Ba zan ce maka wa ya fi cin wani ba, don ba ni da al'adar faɗin abin da zai faranta wa Bazazzagi rai.

Yanzu sai maganar Hajiya Tabawa, mai ɗakina, wadda ita ce babbar shaidata, kuma ita ce tushen matsalata. Ban san yadda kuke yi a ƙasarku ba, amma mu a nan kaya yawo suke yi. In ana suna a maƙwabta, kwanukanka da tirenka da tabarminka sun tafi. In ana zaman makoki, butocinka sun tafi. Ba a hana aro, abin kunya ne. Abin da ake yi shi ne kowace mace tana da alamar da take sa wa kayanta da fenti ko jan farce, don in taro ya watse a san na wa ye. Alamar Hajiya sawun kaza ce da jan fenti. Wurin mahaifiyarta ta gaje ta, wadda ita da ƙarfe mai zafi take zana ta a gindin ƙwarya. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Babban Giji babu matar da ba ta san wannan sawun kazar ba. Akwai wata fantekarmu da ta tafi biki Ƙauyen Alu ta ƙi dawowa, har mun fitar da rai, sai ga wani mai adaidaita sahu da ita har ƙofar gida. Ya ce wata mata ce ta kife ta, ta duba gindin, ta ce a kai gidan Tabawa. Ba adireshi, ba lambar waya.

To, da mutanen layi suka gano akwai faifai a gidana, sai faifai ma ya shiga sahun kwanuka. Wannan ya ara, wancan ya karɓa daga hannun wanda ya ara. Wata Alhamis Sule ya zo ya zauna, aka nemi faifai sama da ƙasa, ashe yana can wani gida da ban ma san masu shi ba. Mutumin nan ya sha shayina, ya cinye ƙosaina, ya tafi. Da faifan ya dawo, Hajiya ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauko gwangwanin fentinta da tsinken tsintsiya. Kuma ina so ka lura da hankalin matar nan. Ba ta taɓa gefen da ke sheƙi ba, don an gaya mata nan ne ran faifan. Ba ta shafa a fuskar 'yan ƙwallon da ke jiki ba, ta ce 'ya'yan mutane ne. Sai ta duba ta ga wani ɗan fili a ƙasa wanda babu komai sai wasu mitsi-mitsin lambobi da ba mai karantawa, ta ce nan ne ba zai cutar da kowa ba. Ta dangwala sawun kazarta a kai. Haka ta yi wa kwalin ta baya, shi ma a kan irin lambobin nan. Tun daga ranar faifan bai sake kwana a waje ba.

Haka muka yi ta bugawa shekara da shekaru, har ranar da wutar lantarki ta zo da ƙarfinta kamar an aiko ta, ta ƙone injin, ta haɗa da fanka. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya rufe, ya yi mini jaje. Ina cikin neman yadda zan yi sai ciwo ya kayar da Sule, shanyewar ɓarin jiki, gefen hagu. Allah ya sa da sauran kwana. Yanzu yana gida, ana tokare shi da matasan kai. Harshensa ya yi nauyi, amma tsokanar tana nan daram, ciwon bai same ta ba. Likitan gashin ƙashi ya ce duk abin da zai sa yatsun nan su motsa a ba shi, musamman abin da ransa yake so. Sai dai ba ya iya zaman falo, ba ya iya ɗaga wuya ya kalli talabijin a bango, idon ma ba ya kai wa nesa. 'Yata Hauwa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta nuna mini tallarku a waya: 'yar na'ura da za a jingina a kan matashi a gabansa, da ƙananan hannaye biyu marasa waya, kowa ya riƙe ɗaya, ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke. Na ce wannan ai don Sule aka ƙera ta. Na saya da kuɗin da ba zan rubuta a nan ba, don Hajiya tana sa a karanta mata jarida.

Ga abin da ya biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko. Kun ce a haska lambar jikin faifan da kyamarar waya. Na haska. Waya ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce ba ta ga lamba ba. Gaskiya ta faɗa, ni ma ban gani ba, sawun kaza na gani. Na haska a inuwa, na haska a rana, na haska da tocila. Hauwa ta tafi da shi wurin aikinsu ta ɗaga shi a jikin fitilar da ake duba hoton ƙirji, ko lambar za ta fito ta ƙarƙashi. Ba abin da ya fito sai sawun kaza da ya ƙara kyau. Abin da nake so ku fahimta, ranka ya daɗe, shi ne ku kun sa alamarku don a san na wa ye, mu ma mun sa tamu don a san na wa ye. Niyya ɗaya ce. Bambancin kawai tamu ta hau kan taku, kuma tamu mutane suna iya karanta ta.

Na biyu. Wani mai gyaran waya ya ba ni shawara in goge fentin da tina, ruwan nan mai narka fenti. Da yake ni tsohon direba ne, ba na gwada sabon birki da fasinja a ciki, sai na ce bari in fara da faifan tseren mota, wanda shi ma ya sha alama. Na jira Hajiya ta tafi islamiyya, na dangwali tina da auduga. Hoton motar ne ya fara narkewa, rubutun gefe ya bi shi, sawun kaza ne ya fita a ƙarshe, shi ma da ƙyar, kuma da ya tashi babu komai a ƙarƙashinsa. Faifai ya koma fari fes kamar murfin kwano. Wato fentin Hajiya ya fi tawadarku ƙarko, wannan ma abin dubawa ne a kamfaninku. Da ta dawo, tun daga soro ta ji warin tina. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa goge mata alama ba, ko ɓarayin da suka taɓa shigo mana ba su yi wannan rashin mutuncin ba. Sai da na ci tuwo ba man shanu har ta huce don kanta. Saboda haka kada wani a cikinku ya sake ba ni shawarar gogewa. Faifan ƙwallon guda ɗaya ne, auren ma haka.

Na uku. Kun ce in lamba ba ta karantu ba a turo rasit. Ranka ya daɗe, ranar da na sayi faifan nan, ni da mai shagon mun yi ciniki, ya ce Allah ya sa albarka, na ce amin, muka yi musabaha. Rasit ɗinmu ke nan. Da na ce ya rubuta mini takarda, da ya ɗauka ina zarginsa ne. Duk da haka na wanke ƙafa na koma wajen titin gidan zu neman shagon. Na tarar yanzu gasasshiyar kaza ake sayarwa a ciki. Mai kazar mutumin kirki ne, ya ce in ina so zai rubuta mini rasit na duk abin da na ga dama, har da hatimi. Na gode masa na ƙi, don ni gaskiyata nake son tabbatarwa, ba ƙarya nake son ƙullawa ba. Amma ka lura da kyau: da na karɓa, da wataƙila yanzu kun buɗe mini. Tsarinku ya fi yarda da takardar mai kaza a kan maganar dattijo.

Na huɗu. Kun ce akwai wata hanya, a saka faifan a cikin tsohon inji a haɗa da intanet, injin ya ba da shaida. Nawa ya ƙone, na gaya maka. Na je wani gidan gem a Tarauni na roƙi arziki, mai wurin ya tashi masu wasa ya ba ni injinsa, samari suka kewaye ni suna cewa Baba zai yi sayayyar 'yan wasa. Faifai ya shiga, ya tashi lafiya lau, har waƙar farkon nan ta fito. Sai ga saƙonku, wai wannan injin an taɓa buɗe cikinsa an yi masa aiki, ba a karɓar shaidarsa. Kai jama'a! A garin nan akwai injin da ya shekara biyu ba a buɗe cikinsa ba? Wanda ba a buɗe ba ai shi ne wanda ya mutu aka jefar. Mu nan abu in ya lalace gyara shi ake yi, in ya sake lalacewa a sake gyarawa, har sai mai gyaran ya ce a yi haƙuri.

Na biyar, kuma a nan ne raina ya fara ɓaci. Na shiga wurin da kuka ce a yi magana da ma'aikatanku a waya. Wata mai sunan mata ta amsa nan take, da fara'arta. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi iyayenta, na tambayi aiki, na ce in tana da miji a gaishe shi. Ta ce ta gode, in haska lambar jikin faifan. Na ba ta labarin darbejiya, da na Sule, da na fenti, Hauwa tana juya mata da Turanci. Ta ce ta ji ba daɗi ƙwarai, in haska lambar jikin faifan. Na ce a raina yarinyar nan tana da ladabi amma ba ta da fahimta. Sai da na fara yi mata nasiha a kan sauraron manya sannan Hauwa, tana dariya har da hawaye, ta ce Baba ai ba mutum ba ce. Ashe duk gaisuwar nan inji na yi wa.

Duk da haka ban karaya ba, na ce ko inji ne ai a gabansa akwai mai shi. Na haɗa shaidu irin waɗanda ko a gaban alƙali za a saurara. Mai unguwa ya rubuta cewa ya san ni, ya san faifan, ya taɓa raba mu rigima da Sule a kan fenariti. Hajiya kuwa, da ta ji ana shakkar alamarta, sai ta fito da kayan ɗakinta kaf tsakar gida: kwanuka, fanteka, tire, buta, turmi, har da dutsen guga. Ta kife su a jere, kowanne da sawun kazarsa a sama, ta ɗora faifan a tsakiya kamar ango. Matan maƙwabta suka shigo kallo, suka tsaya a baya a matsayin shaidu, wata har da canza mayafi. Aka ɗauki hoto, aka tura muku. Wallahi ban gama ajiye wayar ba amsa ta dawo, wai ba a ga lamba ba. Duk wanda ya yanke hukunci a kan hujja irin wannan kafin ƙiftawar ido, bai duba ba.

Na shida. Bayan wannan sai kuka rufe mini asusuna na na'urar gaba ɗaya, kuka turo wata magana da Hauwa ta yi ta kwana-kwana kafin ta fassara mini. Wai an lalata faifan ko an sauya masa kamanni, kuma ana zargin jabu ne. Ranka ya daɗe, na yi aikin ɗaukar marasa lafiya har ƙarfina ya ƙare. An sa mini mutane a mota ba sa cikin hayyacinsu, da agogonsu da wayarsu da abin da ke aljihunsu, ban taɓa sauke wani da ragin ko allura ba. Yau ga shi da furfurata an kira ni mai jabu a kan ƙwallon da ba ta da iska a ciki. Hajiya kuma kalmar lalatawa ce ta tsaya mata a wuya. Ta ce in tambaye ka, ita matarka da me take gane kwanukanta in an yi taro, ko ku ba a aro a wurinku? In ba a aro, ta ce, to Allah ya kyauta muku, ba ta ga abin sha'awa a zaman ba. Ina kuma sanar da kai cewa tun ranar sabuwar na'urar a aljihun babbar rigata take kwana, don na ga Hajiya tana juya ta tana kallon bayanta, inda kuka sake barin wani ɗan fili mai ƙananan lambobi.

Na bakwai. Na san wani zai ce, tsoho, ka sayi sabon gem ɗin ƙwallo mana ka huta. An gaya mini haka, kuma na gwada. Kun bar ɗanɗanon sabon kyauta, Hauwa ta sauke shi, na kai wa Sule. Ba shakka ya yi kyau, har gumin 'yan wasa ana gani. Amma wannan sai mai yatsu goma lafiyayyu, ana danna nan a riƙe can a murza wancan, duk a lokaci guda. Sule ya yi ta fama, hannun hagu ya ƙi, abin ya zame ya faɗi kan bargo. Ya juya fuskarsa bango. Tun da na san mutumin nan ban taɓa zama kusa da shi ya rasa abin da zai tsokane ni da shi ba sai ranar. Tsohon kuwa maɓallai kaɗan yake so, kuma hannunsa ya san su. In muna hirar wasannin da muka yi, ina kallon babban yatsan nan na hagu yana motsi a kan bargo shi kaɗai. Hannun da ya manta yadda ake riƙe kofi bai manta inda ake danna fasin ba. Ku kuma kun daina sayar da tsohon, kun ce ba mai samunsa sai wanda ya tabbatar yana da faifai. Ga ni da faifai a hannu, ga ku da gem a rufe, ga Sule a kwance.

Yanzu kuma wata sabuwa ta ɓullo. Da ya ga kullum ina zuwa da na'ura ba ƙwallo, sai Sule ya fara gaya wa masu zuwa dubiya cewa babu wani kamfani, babu wata lamba, Ɗanjuma ne ya ƙirƙiri labarin don yana tsoron a ce mai hannu ɗaya ya ci shi. Da harshen nan nasa mai nauyi yake faɗa, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, don kowa ya ji da kyau. Liman ya ji, mai unguwa ya ji, har mai kawo masa fura ta tambaye ni ko gaskiya ne. Ya ce in ya isa Zariya, daga tasha zai fara ba da labari. Iyalinsa sun ce ranar da yake wannan zancen ya fi cin abinci, saboda haka ban hana shi ba. Amma fa akwai iyakar abin da Bakano zai haɗiye.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙo a samu mutum, mai ido biyu da uwa da uba, ya dubi hoton nan na tsakar gida. In hoto bai isa ba, ku turo wakilinku Gyaɗi-Gyaɗi, ya tambayi gidan Tabawa, za a kawo shi har soro, akwai shayi. Ya zo da injinku wanda ba a taɓa buɗewa ba ya saka faifan. Ku kuka haife shi, ai za ku gane ɗanku ko an yi masa kwalliya. In kuma tsoronku shi ne in karɓi gem a na'ura sannan in ba wani faifan, to ku tafi da shi ku ajiye, na yafe.

Ina roƙo a buɗe mini asusuna, a kuma janye kalmar jabu da kalmar lalatawa, ta farko don ni, ta biyu don zaman lafiyar gidana.

Ina ba ku shawara, kyauta, cewa nan gaba in za ku sa lambar da ran mutum zai rataya a kanta, kada ku sa ta ƙanana a wurin da ya yi kama da fili. Ku rubuta a gefenta da Hausa cewa kada a shafa fenti a nan. Ba gidana kaɗai ake da gwangwani ba.

In duk waɗannan sun gagara kafin ƙarshen wata, to ga na ƙarshe, kuma wannan ba zai ci muku komai ba. Ku rubuto mini layi biyu a takardar kamfaninku, da hatimi, da manyan baƙaƙe yadda mai raunin ido zai gani, cewa ku ne kuka hana, ba Malam Ɗanjuma ne ya gudu ba. Zan kai masa da kaina ranar tafiya, in sa masa a aljihun gaba kafin a rufe ƙofar mota. Na san ba zai yarda ba, zai ce mai kaza ne ya buga mini. Amma zai riƙe ta, zai yi ta juya ta da hannun nan yana neman inda zai kama ni har su wuce Kwanar Dangora, kuma likita ya ce duk abin da zai sa yatsun su motsa a ba shi.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya tsare injinanku daga wutar da ke zuwa da ƙarfi. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya ba ka abokin da zai tsokane ka har tsufa, ya kuma sa ranar da za ka nemi a yarda da maganarka, mutum za ka tarar a bakin ƙofa. Allah ya ba Alhaji Sule lafiya, ya tashi kafaɗunsa, in ci shi yana da hannu biyu don kada ya samu abin faɗa.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Malam Ɗanjuma Direba,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.